Geji, sanda ko lissafin awa: wanne za ka amince wa a Bahar Maliya?

Da wuya ka ji wanda mai ya ƙare masa a teku ya ce bai duba geji ba. Ya duba. Allura tana kan kwata, ko allo yana nuna kashi 30, sai inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne masu fita kamun kifi ko yawon teku a gaɓar Saudiyya, daga Ubhur, Shu'aiba, Al-Lis, Ƙunfuza har Jizan, da waɗanda ke tuƙa jirgin wani a matsayin nahuda, kuma suke son sanin inda ya dace su zuba kuɗinsu da amanarsu.

Hanyoyin sanin man da ya rage huɗu ne, amma gida biyu suka fito. Geji da sandar da ake tsomawa suna auna tsayin mai a cikin tanki. Na'urar ƙirga mai da lissafin awa kuwa suna ƙidaya abin da inji ya sha, sai a cire daga abin da aka zuba. Kowane gida da irin kuskurensa, kuma abin da ke ruɗin ɗaya ba ya ruɗin ɗayan. Don haka shawararmu tun daga farko ita ce ka riƙe guda daga kowane gida. Wanda ya sayi geji biyu masu tsada, dukansu suna karanta tsayin mai, hanya ɗaya yake da ita har yanzu.

Geji da awwamarsa

Abin da kake gani a gaban sitiyari ba shi ne ke auna mai ba. Mai aikin yana cikin tanki, shi ne abin da makanikan Jidda ke kira awwama: ƙwallo mara nauyi da ke shawagi a kan mai, ɗaure a bakin siririn hannu na ƙarfe. Idan mai ya sauka, hannun ya sunkuya, sai wani ɗan harshe ya goga a kan nannaɗaɗɗiyar waya, ya canza yawan turjiyar da wuta ke samu. Gejin wannan turjiya yake karantawa, a ma'aunin om.

Tsari biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na Amurka yana ba da om 240 idan tanki ba komai, kusan 100 a rabi, 33 idan ya cika. Na Turai akasin haka ne, om 10 babu mai, 180 a cike, akwai kuma mai tashi daga 0 zuwa 190. Jiragen da ke gaɓarmu daga ko'ina ake shigo da su, kayan gyara ma haka, shi ya sa ake yawan samun awwamar Turai a haɗe da gejin Amurka. Alamarsa a fili take: kana zuba mai allura tana sauka. Kafin ka sayi sabuwa, karanta lambobin da ke jikin tsohuwar ko bayan gejin.

Bambancin tsarin biyu yana da wani tasiri da ba a cika lura da shi ba. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, sama da na yawancin tekuna, ga kuma danshin Jidda. Kan wayoyi yana yin kore, musamman wayar nagatif da ke kan tanki, kuma tsatsa ƙarin turjiya ce. A tsarin Amurka ƙarin turjiya yana sa geji ya nuna ƙasa da abin da ke ciki, ka koma gaɓa da wuri, ba ka yi asarar komai ba sai kifi. A tsarin Turai tsatsar nan ɗaga allura take yi, ta nuna maka man da babu shi. Mai tsarin Turai ya fi kowa bukatar kwance kan wayoyin nan lokaci zuwa lokaci, ya goge su, ya shafa musu giris ɗin wayoyi.

To, a ce wayoyi lafiya lau, awwama sabuwa ce. Har yanzu tsayi take aunawa, kai kuma lita kake nema. Biyun suna daidaita ne kawai a tanki mai siffar akwati, a jirgin da ke kwance daidai. Tankin da aka gina a ƙarƙashin daɓen jirgi yakan bi siffar cikin jirgin, faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Duk wanda ya taɓa awon hatsi da ƙwarya ya san rabin zurfinta ba ya ɗaukar rabin hatsin. Idan ƙasan tanki ya tsuke sosai kamar harafin V, rabin tsayi kwata ne kacal na man. Ga dalilin da ya sa allura ke daɗewa a sama kamar ba ta motsi, daga rabi kuma ta riƙa gangarowa da gudu. Masu ɗaukar mai a durom mai lita 200 a kwance su ma su sani: rabin tsayi rabi ne, amma kwatan tsayi bai kai kashi 20 ba.

Karkatar jirgi ta fi wannan haɗari. Ɗauki tanki mai tsawon mita 2, faɗin santimita 60, zurfin santimita 25. Lita 300 ke nan, kowace santimita ɗaya lita 12. An saba sa awwama a ƙarshen tanki ta baya, kusa da bututun da ke zuƙar mai. Jirgi ya ɗaga goshi da digiri 4 kawai, abin da yake yi kullum idan yana tafiya ko mutane sun taru a baya, sai mai ya gangaro. Bambancin tsayi tsakanin gaba da bayan tankin ya zama santimita 14. A wannan hali, lokacin da allura ke kan rabi kana ƙiyasin lita 150, abin da ke ciki bai wuce lita 70 ba. Babu abin da ya lalace. Gejin ya faɗi gaskiyar tsayin mai a wurin da yake tsaye.

Sannan ba duk man tanki ne naka ba. Bututun zuƙa ba ya taɓa ƙasa, ana barin santimita ɗaya ko biyu don kada ya kwashi datti da ruwa. A tankin misalinmu lita 12 zuwa 24 ke nan da inji ba zai taɓa sha ba. A sama ma ba a cikawa har baki, domin fetur yana kumbura da zafi, kusan lita ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri 10. Idan kuma teku ta tashi, mai yana kai-komo, bakin bututu yana fitowa fili ya zuƙi iska tun da sauran mai. Ka ɗauka kashi 90 na abin da aka rubuta a jikin tanki shi ne naka, a ruwa mai rikici ƙasa da haka.

Awwama mai hannu tana da nata ciwon tsufa: harshen yana cinye wayar a daidai wurin da ya fi zama, ƙwallon yana shan mai ya yi nauyi, hannun yana lanƙwasa ko ya maƙale a jikin katangar da ke raba cikin tanki. Idan ya maƙale, allura za ta tsaya wuri ɗaya awa da awanni. Allurar da ba ta rawa ko kaɗan alhali jirgi yana tsalle abin tuhuma ce.

Wadda ta fi ta ita ce awwama mai sanda: bututun ƙarfe mara tsatsa a tsaye, da zobe mai maganaɗisu da ke hawa da sauka a jikinsa, yana kunna ƙananan makunnai da aka rufe a ciki. Mai ba ya taɓa wayoyinta, babu hannun da zai karye, allura ma ta fi natsuwa. Kamfanonin KUS da Wema sun shahara da ita, kuma tana zama a kan ramuka biyar ɗin da tsohuwar ta bari. Mataki-mataki take karantawa, ba a jere ba, don haka a tanki mara zurfi mataki ɗaya zai iya zama lita 20. Wajen saye, auna zurfin tankin ka ɗauki wadda ta gaza shi da santimita ɗaya zuwa biyu. Idan ta yi gajarta za ta ce babu mai tun da saura, wannan da sauƙi. Idan ta yi tsawo za ta daki ƙasa, marfin ba zai zauna ba, tururin fetur ya riƙa fita. Duk wanda awwamarsa mai hannu ta mutu, wannan muke ba shi shawarar ya saya. Amma ya sani ƙarfi ya saya, siffar tanki da karkata suna nan yadda suke.

Akwai nau'i biyu marasa abin motsi. Ɗaya yana auna yadda mai ke riƙe cajin lantarki tsakanin bututu biyu, kuma ruwa yana ruɗa shi ƙwarai, domin ruwa ya ninka fetur kusan sau 40 a wannan ma'auni, ɗan ruwan da ya kwanta a ƙasa sai ya ɗaga karatu. Ɗayan yana aika sauti daga sama ya saurari dawowarsa, shi kuma kumfa da karkata da katangar cikin tanki ke damunsa. A babban jirgi mai zurfin tanki suna da amfani. A ƙaramin jirgi mai tsalle ba su cancanci ƙarin kuɗin ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne allon zamani. Mutum ya haɗa tankinsa da allon Garmin ko Simrad ta hanyar NMEA 2000, tsarin da ke haɗa na'urorin jirgi da juna, ya ga an rubuta masa kashi 43, sai zuciyarsa ta kwanta fiye da lokacin da yake kallon allura mai rawa. Alhali lambar daga tsohuwar awwamar nan ta fito. Allon ma yana jinkirta karatun da gangan don kada lamba ta riƙa tsalle. Alherinsa ɗaya ne, kuma babba ne: yawancinsu suna karɓar daidaitawa a matakai da dama, ka zuba sananniyar lita ka gaya masa, ya koyi siffar tankinka. Wanda bai yi wannan ba bai ƙaru da komai ba sai kyan rubutu.

Na'urar da ke ƙirga abin da inji ya sha

Injunan zamani masu kwamfuta, irin masu bugu huɗu na Yamaha, Suzuki, Mercury da Honda, sun san tsawon lokacin da kowace nozul ta buɗe, daga nan suke lissafa litar da ake sha a awa. Ana ganin wannan a agogon Command Link na Yamaha ko SmartCraft na Mercury, ko a tura shi allo. Siffar tanki ba ta shafe shi ba, karkata ma haka, igiyar ruwa ma haka. A kan tambayar nawa aka sha, babu hanyar da ta kai shi.

Amma ya makance ga tankin kansa. Adadin da ka gaya masa yake ragewa. Ka zuba mai ka manta ba ka shigar ba, lissafi ya rushe. Mafi muni, ka danna masa cewa tanki ya cika alhali famfon gidan mai ya katse ne saboda kumfa ko toshewar kafar iska, ka fita da giɓin lita 30 da allon ba zai taɓa sani ba. Bai san yoyo ba, bai san janareta da ke sha daga tanki ɗaya ba, bai san an zuƙe mai da dare a matsayar jirage ba. Jirgin da mutane da yawa ke karɓa-karɓa, kamar na haya, shi ya fi faɗawa wannan rami, domin kowa yana zaton na gabansa ya shigar.

Mai tsohon inji na kafireta zai iya sa na'ura mai ɗan farfela a kan tiyon mai. Ana sa ta bayan filta don kada datti ya tsayar da farfelar, kibiyar jikinta ta kalli inji, a ɗaure da kilif mara tsatsa. A duba iyakarta kafin a biya kuɗi. GFS 10 ta Garmin, alal misali, ta fetur ce kawai, kuma tana fara karatu daidai ne daga galan 2 a awa, kusan lita 7 da rabi. Mai jan ƙugiya a hankali na tsawon awanni yana iya shan ƙasa da haka, sai na'urar ta ƙirga ƙasa da gaskiya, kuskuren kuma ya faɗa ɓangaren da ke cutarwa. Injin dizal yana mayar da ragowar mai tanki, don haka na'ura biyu yake bukata, ta shiga da ta dawowa, kuɗin ya ninka.

Gwada ta ba wuya. Cika tanki, mayar da ƙidaya sifili, yi tafiya, ka dawo ka sake cikawa a yanayi iri ɗaya. Idan ta ce an sha lita 92 amma tanki ya karɓi 100, tana ragewa da kashi 8. Gyara a saitinta idan tana karɓa, in ba haka ba ka riƙe bambancin a kanka. Maimaita sau uku kafin ka yarda.

Babbar ribarta ma ba sanin ragowar mai ba ce. Tana nuna maka lita nawa kake ƙonawa a kowane mil, nan take, sai ka ga da idonka yadda rage maƙura kaɗan ko gyara karkatar inji ke canza lamba.

Sanda da tankin hannu

Sanda ba ta da waya, ba ta da batir, ba ta tsatsa. Katako ne miƙaƙƙe mara fenti, ko tagulla, wanda aka yi wa tsaga a kowace lita 20. Kada a yi amfani da ƙarfe, saboda tartsatsi. Tunda da lita aka yi tsagar, ba da santimita ba, matsalar siffar tanki ta kau. Ana iya shafa wa bakinta man gano ruwa, wanda ke canza launi idan ya taɓa ruwan da ya kwanta a ƙasa, abin da babu gejin da zai gaya maka. A karanta da sauri, fetur ba ya daɗewa a jikin katako a zafin nan namu.

Iyakarta biyu. Sai bakin zuba mai ya miƙe zuwa cikin tanki, kuma a jirage da yawa tiyon a lanƙwashe yake. Sannan ba a buɗe tankin fetur ana tafiya ko ruwa na fantsama. Sanda ta bakin gaɓa ce da wurin da aka jefa anga cikin natsuwa, inji a kashe, babu mai riƙe da taba. Ita ce alƙalin da ake kai ƙarar geji gabansa kafin a fita. Farin tiyo da ake sawa a gefen tanki a ga tsayin mai yana da kyau ga dizal idan yana da famfon rufewa. A fetur kada a yi shi.

Masu ƙaramin jirgin faiba da injin Enduro na Yamaha mai ƙarfin doki 40 ko 75, waɗanda ke amfani da jan tankin hannu mai lita 24 ko 25, suna da hanyar da ta fi ta kowa gaskiya. Ɗaga tankin ka ji. Litar fetur kusan giram 740 ce, cikakken tanki ya kai kusan kilo 18 ban da nauyin robar. Ɗan gejin da ke kan marfinsa kada a kula shi. Tankunan kansu su ne ma'auni: ka fita da uku, na farko ya ƙare, lokacin juyawa ya yi, duk yadda kifi ke ci. Sauya tanki tun da ɗan saura, a buɗaɗɗen ruwa, kada ka bari ya ƙare maka a mashigar da ke tsakanin duwatsun murjani. Duk man ajiya a haɗa shi da man inji tun a gaɓa. A ma'aunin 50 da 1, rabin lita ke nan ga lita 25, amma bi abin da littafin injinka ya ce. Mutum cikin firgici yakan juye tsurar fetur a inji mai bugu biyu, ya tsira daga ƙarewar mai ya faɗa ƙonewar inji.

Lissafin awa

Wannan ba ya cin ko riyal ɗaya, sai agogo da ɗan littafi. A cikakkiyar maƙura, injin fetur mai bugu huɗu yana shan kusan sulusin lita zuwa lita 0.38 a awa ga kowane doki. Mai bugu biyu na kafireta ya fi haka, yana kusantar rabin lita. Dizal kusan lita 0.2. Wato mai doki 150 zai sha hamsin da wani abu a awa idan aka danne shi, a tafiyar matsakaici kuma kusan rabin haka. Waɗannan na farawa ne. Naka adadin daga littafinka zai fito: duk cikawa ka rubuta lita, awannin inji, nisan da GPS ya nuna, yawan mutane da yanayin teku.

Ƙa'idar da masu teku suka gada ita ce raba mai uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Mutane suna ganin kason ajiyar ya yi yawa har sai sun yi lissafi da iskar Jidda. A wannan yanki iska daga arewa maso yamma ta fi busawa, da safe da sauƙi, bayan azahar ta ƙarfafa. Wanda ya nufi kudu wajen Shu'aiba da asuba ya tafi a ruwa kwance iska na bayansa, zai dawo yana karo da ita. A ɓangaren Jizan da tsibiran Farasan kuwa, a watannin sanyi iskar kudu ce ke rinjaye, sai lissafin ya juya.

A ce tankinka lita 200 ne, naka a ciki 180, kowane kaso 60. Da safe kana gudun mil 22 na teku a awa kana shan lita 26, kusan lita 1.2 a mil. Mil 25 ya ci 30. Ka yi awa huɗu kana jan ƙugiya a lita 6, ga 24. Da yamma igiya ta hana ka gudu, ka sauko mil 14 a awa, goshin jirgi a sama, inji yana nishi yana shan 28. Lita 2 ke nan a mil, dawowar ta ci 50. Jimla 104, ka shigo da 76. Lafiya. Ƙara mil goma kacal a nisan, tafiya ta zama 42, dawowa 70, jimla 136, ajiya ta koma 44. Ƙara ƙanƙara da kifi da mutum biyu, da gindin jirgi da ya yi wata biyu a ruwan ɗumi ya tara gansakuka da ƙananan kawa, sai ka ga inda ajiyar take tafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: idan lissafin bai fita ba tun a gaɓa, a rage nisa ko a ƙara jarka.

Wurin da jirgi mai gudu ya fi ɓarnar mai shi ne tsakiyar nan, inda ya bar tafiyar hankali amma bai hau kan ruwa ba. Idan mai ya yi ƙasa, zaɓi biyu ne: ko ka hau kan ruwa a mafi ƙarancin gudun da zai riƙe ka, ko ka sauko gaba ɗaya zuwa mil 5 ko 6 a awa. A yawancin jirage na biyun ya fi kai mutum nesa da kowace lita, sai dai ya ci lokaci.

Raunin lissafin awa shi ne mutum. Ana mantawa da lokacin tashi, ana ƙiyasin gudu da son rai.

Wanne ga wane jirgi

Mai tankin hannu kada ya kashe kuɗi a kan geji ko kaɗan. Ya sayi ƙarin tanki, tiyo na ajiya da ƙwallon robarsa da ake matsawa don jawo mai, ya riƙe ƙidayar tankuna da agogo.

Mai ginannen tanki da injin kafireta ya sa awwama mai sanda, ya yi mata daidaitawa, ya riƙe littafi. Na'urar farfela sai idan yawancin tafiyarsa ta gudu ce.

Mai injin kwamfuta ya riga ya biya kuɗin ma'auni mafi kyau, sau da yawa waya ɗaya ce ta rage a haɗa. Ya sa shi gaba, geji ya zama mai shaida. Ya duba saitin allonsa ya tabbatar daga ina lambar ragowar mai take fitowa, daga awwama ko daga lissafin inji, domin alluna da yawa suna ba da zaɓi, masu su kuma ba su san wanne suke kallo ba.

Mai dizal sanda da littafi sun ishe shi, amma ya fi kowa nisantar ƙasan tanki. Idan injinsa ya zuƙi iska ba zai tashi ba ko an zuba mai, sai an fitar da iskar daga filta, wani lokaci har bututun nozul, aikin da ba shi da daɗi a jirgin da ke tangaɗi. Idan tankinsa biyu ne, ya tabbatar man da ke dawowa yana komawa tankin da ake sha. In an saɓa, ɗaya zai ƙare da wuri, ɗayan ya cika ya zubar.

Daidaitawar da muke ta ambato aikin yini ɗaya ce. Jirgi a kan ruwa, ba a kan tirela ba, da kayansa yadda ya saba fita. A zuƙe tankin da famfon hannu ko wanda aka yi don fetur, ta bututun da inji ke sha, har ya daina kawowa. Nan ne sifilinka na gaskiya. A zuba lita 20, a jira minti biyu mai ya kwanta, a yi alama a gilashin geji, a tsaga sanda, a shigar a allo. A ci gaba har ya cika, jimlar ita ce ainihin abin da tankin ke ba ka. Daga baya, ranar da ka san adadin da ke ciki, ka duba allura a tsaye ka sake dubawa a gudu, ka rubuta bambancin. Idan za a cire awwama, a cire kan batir tukuna, a buɗe ko'ina iska ta shiga, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. Sabon gasket kowane lokaci.

Gano ko geji ne ya lalace ko awwama minti biyar ne. A bayan gejin, nesa da tanki, cire wayar da ta zo daga awwama ka kunna makulli. A tsarin Amurka allura za ta faɗi ƙasa, idan ka taɓa wannan kan da nagatif ta haura sama. A na Turai akasin haka. In ta yi hakan gejin lafiya yake, laifin yana waya ko tanki.

Idan inji ya mutu

Fara da inda jirgi yake nufa. Idan anga za ta kai ƙasa, jefa ta kafin ka taɓa inji. A Bahar Maliya, da zarar an wuce murjani zurfi yakan faɗa ɗaruruwan mita, igiyarka ba za ta kai ba. A nan sai a ɗaura bokiti mai ƙarfi a goshin jirgi a sake shi, ya rage gudun kora ya sa goshi ya fuskanci igiya. Kowa ya sa rigar ceto. Rubuta lambobin GPS.

Sannan ka matsa ƙwallon tiyo. Idan ya shanye ya lafe, akwai mai, hanya ce ta toshe: kafar iskar tanki a rufe, ko datti a bakin bututu, ko bawul ya maƙale. Sassauta marfin tanki, in ka ji ya ja iska ka gano. Idan yana matsuwa amma ba ya tauri, ko tanki ya ƙare ko iska na shiga ta wani mahaɗi. Duba filta mai raba ruwa, ka juye abin da ke ciki a farar kwalba, ruwa zai kwanta a ƙasa. Tankin hannu a karkata shi wajen bututun zuƙa. A ginannen tanki a tara mutane ta ɓangaren da bututun yake. Kada a yi ta murza makulli a injin kwamfuta babu mai, famfonsa da fetur yake sanyaya, batir kuma shi ne rediyonka. Juye jarka da tiyon zuƙa ya fi mazurari a ruwa mai motsi. Idan abin ya ƙi, kira tun da rana: tasha ta 16 a rediyon VHF, ko lambar Haras al-Hudud, wato masu tsaron iyaka, 994 idan waya na da sabis. A zauna cikin jirgi, a yi inuwa, a yi tattalin ruwan sha.

Saura abin da za ka yi ranar da hanyoyinka biyu suka saɓa. A teku, ɗauki ƙaramar lambar ka yi aiki da ita. A gaɓa, bi sawun saɓanin. Idan geji ya fi lissafi yawa, tuhumi karkata, maƙalewar awwama, ko tsatsar waya a tsarin Turai. Idan lissafi ya fi geji yawa, kuma sanda ta goyi bayan geji, mai yana fita ta inda ba a ƙirga ba, ko tun farko bai shiga ba. Buɗe ƙasan jirgin ka shinshina, ka bi tiyo da hannu daga tanki har inji, kuma kada a tayar da inji sai an gano inda litocin suka tafi.